Zuciyar Hajiya tana bugawa, amma ba ta saki

Wani ɗan'uwa ɗan Garwa da yake aiki a Faransa ya rubuto cewa mahaifiyarsa mai hawan jini tana haki ko da tsakar gida ta zaga, ga kumburin ƙafa, alhali likitan da ya ɗauki hoton zuciyarta ya ce tana tura jini daidai, sai dai ta yi tauri. Yana tambaya ko an karanta hoton da kyau.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar likita da halin da take ciki ba su saɓa ba. Aikin zuciya biyu ne: ta matse ta tura jini, sannan ta saki ta cika. Idan awon jini ya daɗe a 140 bisa 90 ko sama da haka, ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda yake tura jini zuwa jiki, yakan yi shekaru yana turi da ƙarfi, har bangonsa ya yi kauri kamar damtsen maƙeri. Bango mai kauri kuwa ba ya buɗewa da sauƙi, tamkar salkar da ta bushe, don haka jinin da yake dawowa daga huhu ba ya shiga sai da matsi, matsin kuma ya koma baya ya tara ruwa a huhu. Daga nan hakin yake, shi ya sa wasu ba sa iya barci sai sun tara matasan kai. Hoton yana iya nuna cewa zuciyar tana fitar da kashi 50 cikin 100 na jinin da ya shige ta ko fiye, wanda daidai ne, amma matsalar tana wajen cikar.

A ganina, taimakonka mafi girma shi ne kada maganinta ya yanke ko na mako guda, domin da yawa daga cikin iyayenmu sukan ajiye shi da zarar jiki ya yi sauƙi. Ka ware kuɗin magani daban da na cefane, ka saya mata na'urar awon jini ta damtse, wani a gida ya riƙa rubuta lambobin a kai wa likita, a kuma turo maka hoton takardun ta WhatsApp. Kada ka aiko mata da ƙwayar da aka rubuta wa wani a can.

Gishirinta na yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Ta guji diclofenac da ibuprofen da ake saye don ciwon gwiwa, saboda suna ɗaga jini, suna riƙe ruwa a jiki. Ka gaya wa mutanen gida tun yanzu cewa idan numfashi ya ƙi mata tana zaune, ko ƙirji ya riƙe, su kai ta asibiti a daren, ba sai sun same ka a waya ba.