Amsa ga mai son zuwa Belfast ganin inda aka ƙera Titanic

Ɗan'uwa, ka ce kana Ingila, kana so ka tsallaka Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, amma mutanen gida sun tsorata ka da labarin rikici. Je ka abinka. Tun yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ƙura ta lafa, bayan kusan shekara 30 ana ɗauki ba daɗi tsakanin masu son ci gaba da zama da Birtaniya, galibinsu Furotesta, da masu son haɗewa da Ireland, galibinsu Katolika. An rasa rayuka kimanin 3,500.

Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ka shiga gidan tarihin Titanic, wanda aka buɗe a 2012, ka ɗauki hoton manyan injinan ɗaga kaya masu ruwan ɗorawa na kamfanin Harland and Wolff da ya ƙera jirgin, ka juya. Ita kanta masana'antar jiragen tana cikin rabuwar: yawancin ma'aikatanta Furotesta ne, kuma a 1920 an fatattaki Katolika daga wurin aikin.

Ka ɗauki baƙar tasi ta masu yawon buɗe ido ta kai ka Falls Road ta Katolika da Shankill Road ta Furotesta. Unguwanni ne maƙwabta, amma doguwar katanga ta raba su. An fara gina irinta a 1969 da cewa na ɗan lokaci ne, ga shi har yau ana rufe wasu ƙofofin da dare. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai gidajen Bombay Street ne da ke jingine da katangar, an lulluɓe bayansu da ragar ƙarfe saboda jifa. A Falls za ka ga zanen Bobby Sands, ɗan gwagwarmayar haɗewa da Ireland, wanda yajin cin abinci ya yi ajalinsa a kurkuku a 1981. A Shankill kuwa har gefen titi an shafa masa ja da fari da shuɗi, launukan tutar Birtaniya. Direbanka labarin ɓangarensa zai ba ka, don haka in da hali ka saurari na ɗaya ɓangaren ma.

Kada ka tambayi kowa addininsa, kada ka sa rigar Celtic ko Rangers, ƙungiyoyin ƙwallon da ake dangantawa da Katolika da Furotesta. Ka kauce wa 11 da 12 ga Yuli, lokacin da Furotesta ke hura manyan wutoci a unguwanni da yin fareti. Bizar Birtaniya ta ishe ka shiga Belfast, amma kada rashin shinge a iyaka ya ruɗe ka ka wuce Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ireland, can wata ƙasa ce da nata dokokin biza. Takardun fam na bankunan Belfast kuma ka kashe su a can, wasu shagunan Ingila suna ƙin karɓa.