Amsa ga ƙaninmu mai tambayar ko laftop kaɗai ta isa mutum ya zama furodusa

Salam 'yan uwa. Tun jiya na ga tambayar ƙaninmu, wai yana so ya shiga harkar haɗa kiɗa da ɗaukar waƙa, shin ya jira sai ya mallaki miksa da manyan sifiku ne ko ya fara da laftop ɗin da ke hannunsa, sannan ko sana'ar ma tana da sauran gaba tunda yanzu kowa buga waƙarsa yake a ɗaki. Na so in yi shiru don an ba shi amsoshi da yawa, to amma duk sunayen kaya ake ta jero masa, sayi kaza sayi kaza, shi ya sa na ce bari ni ma in tofa albarkacin bakina. Ka yi haƙuri ƙanina zan ɗan ja ta da tsawo.

Ni na fara wannan aiki sama da shekara 25 da suka wuce, a kan wata na'urar kaset mai layi huɗu, wato gurbi huɗu na ɗaukar sauti daban-daban, irin wadda ake kira Portastudio ta Tascam, wadda ta fara fitowa tun 1979. Kaset ɗin nan dai da ka sani na rediyo, shi ake sa mata, sai dai ita faɗin zaren gaba ɗaya take cinyewa a tafiya ɗaya, babu zancen juya kaset, in ka juya ma sai ka ji waƙarka tana tafiya da baya kamar aljanu na magana. Kuma tawa gudu biyu take yi, kaset mai minti 60 minti 15 kacal yake ba ni. Layi huɗu fa na ce. Ganga ɗaya, bes ɗaya, fiyano ɗaya, saura ɗaya. To ina za ka sa mawaƙi, ina za ka sa 'yan amshi? Sai ka haɗa ukun nan ka juye su cikin na huɗun, ka goge ukun ka samu fili. Kuma daga lokacin da ka juye bakin alƙalami ya bushe, in ganga ta yi yawa haka za ta zauna har abada, ga wani shuuu da ke ƙaruwa duk juyewa ɗaya. Saboda haka kafin in taɓa maɓallin nan sai na saurara sau goma, na fita waje na dawo na sake saurara.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wata mawaƙiya ta yi baiti na biyu yadda ba ta taɓa yi ba, har muryarta ta ɗan karye a wata kalma, karyewar mai daɗi wadda ba a shirya ta. Sai aka ce a gyara kalma ɗaya a ƙarshen baitin, na mayar da zare baya, na danna jan maɓalli, ashe na yi saurin shiga da kusan layi biyu na waƙar. Ina jin abin da na yi zufa ta karyo min. Ta cire hedifon ta ce "Malam lafiya?" na ce mata wallahi na cinye baitin. Mun sake har sau takwas, ta yi daidai duk, amma waccan karyewar ba ta dawo ba. Har yau in zan danna rikodin sai na kalli wane layi ne a buɗe sau biyu, alhali yanzu maɓalli ɗaya ke dawo da komai.

Kada ka ɗauka ƙananan situdiyo ne kawai suka sha wannan. George Martin, furodusan ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta Beatles, faifansu na 1967 da ake ta yabo a kan na'ura mai layi huɗu aka yi shi a situdiyon Abbey Road da ke Landan, suna cika na'ura ɗaya su juye a wata. Bayan nan manyan situdiyo suka koma zare mai faɗin inci 2 da layi 24, nadi guda in ana gudu mai sauri wajen minti 16 yake ɗauka, kuma in za a yanke wani wuri da reza ake yankawa a liƙe da salatif. Reza ta gaske.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a guje. MIDI, hanyar da kayan kiɗa na lantarki ke aika wa juna umarni, ta zo a 1983, fiyano ya fara magana da injin ganga da kwamfuta, mutum ɗaya ya zama ƙungiyar makaɗa. Farkon shekarun 1990 Alesis suka kawo ADAT, layi takwas a kan kaset ɗin bidiyo, kana iya jona na'ura biyu ko uku ka samu 16 ko 24, na yi aiki da ita kuma na so ta duk da tana da halin cin zare a ranar da ka fi buƙatarta. Manhajar haɗa kiɗa ta Pro Tools ta fito 1991, irinta Cubase tun 1989 a kan kwamfutar Atari, a 1996 masu Cubase suka shigo da VST, tsarin da yawancin fulogin ɗin nan da kuke tarawa ke aiki da shi, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa babbar manhaja don gyara sauti ko fitar da shi. FruityLoops da muka riƙa yi wa dariya muna cewa wasan yara ne, ita ce ta koma FL Studio a 2003, yau ga ta nan ta cika duniya, mu masu dariyar ne muka ji kunya. Auto-Tune kuma, mai daidaita muryar mawaƙi, 1997, wanda ya ƙirƙiro ta Andy Hildebrand asalinsa lissafin amsa-kuwwar sauti a ƙarƙashin ƙasa yake yi wa masu neman man fetur. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya fito sai an ce shikenan furodusa ya mutu. Na ji wannan magana aƙalla sau huɗu da kunnena, yanzu kuma ana yin ta a kan AI.

To amsarka kai tsaye: laftop ɗinka ta isa, ta ma fi duk abin da na lissafa a sama ƙarfi in aka haɗa su. Faifan farko na mawaƙiyar Amurka Billie Eilish yayanta Finneas ne ya haɗa shi a ɗakin kwanansa, kuma ya kwashe kyaututtukan waƙa na Grammy a 2020. Matsalarku ta yanzu ba rashin kaya ba ce, yawansu ne. Kwanaki wani yaro mai hazaƙa ya kawo min aikinsa in duba, na buɗe na ga layi kusan 90, murya kaɗai ya ɗauka sau arba'in da wani abu bai goge ko ɗaya ba, kowane layi da fulogin biyar shida a kansa, wata bakwai yana kan waƙa ɗaya. Na ce masa wanne ne baitin da ka zaɓa? Ya ce ai bai yanke ba tukuna. To aikin furodusa kenan fa, yankewar. Mu kaset ne ya tilasta mana, ku kuwa babu mai tilasta muku sai kun tilasta wa kanku. Na sa shi ya zaɓi uku ya goge sauran a gabana, hannunsa har rawa yake, a sati biyu ya gama waƙar.

Abin da za ka nema kaɗan ne. Sawunkad, wato akwatin da ke jona makirufo da kwamfuta, mai ƙofa biyu, makirufo ɗaya mai kyau, hedifon da ba ya yoyon sauti, da manhaja ɗaya, ɗaya tak, ka zauna a kanta har yatsunka su san ta ba sai ka duba ba. In ɗakinka yana da amsa-kuwwa kada ka yi gaggawar sayen makirufo mai tsananin ji irin kondensa, komai zai kwaso har fankar maƙwabta, gara irin su Shure SM58 da ke nan tun 1966 ba ta canza ba. Ɗakin shi ne babban abu. Tsaya tsakiya ka tafa hannu, in ka ji wani ziiing ya biyo baya to shi makirufo zai ɗauka, kuma babu fulogin da zai cire shi tsaf. Bargo mai kauri a bayan mawaƙi da labule mai nauyi sun fi kwalin ƙwai da mutane ke liƙawa a bango, wannan kwalin kusan ado ne kawai. Mawaƙi ya ba makirufo tazarar kamar taƙi ɗaya. Ka saita ingancin ɗauka a 24-bit, kada allurar ma'aunin ƙara ta wuce wajen -12 zuwa -10, domin zare in ka matsa masa ɗumi yake ƙarawa, a kwamfuta kuwa in ka taɓa sifili sautin fashewa yake yi ba gyara. In mawaƙi ya ce yana jin muryarsa tana makara a kunne, bafa ce, wato saitin yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, sauke ta zuwa 128 lokacin ɗauka, ka mayar 1024 lokacin miksin. Kuma kada ka matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara, Spotify ma da kansu suna daidaita ƙarar waƙoƙi wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, za su sauke taka ta dawo a shaƙe. In ka gama ka ji ta a sifikar waya, a nan yawancin mutane za su ji ta.

Sauran rabin aikin kuma ba ya cikin kwamfuta sam. Ka san lokacin da za ka ce wa mawaƙi kiɗan nan ya yi wa muryarka sama mu sauke shi, ka san lokacin da ya gaji ka ce a huta ko da shi yana cewa a ci gaba, ka iya cewa "wannan baitin bai yi ba" ba tare da ka kashe masa gwiwa ba. Ni na daina cewa "ka yi kuskure", sai in ce "ya yi kyau, ƙara min ɗaya don ajiya", kuma sau da yawa na ajiyar nan shi ke shiga waƙa don ya saki jiki. Sannan kafin a fara ku rubuta wa ke da kiɗa, wa ke da waƙa, kaso nawa, ko da abokinka ne na ƙut da ƙut, na rasa aboki a kan wannan kuma laifina ne da ban rubuta ba.

Abu ɗaya da na koya a makare, duk waƙar da ka gama ka fitar da kowane layi daban a fayil ɗin sauti na WAV, daga farkon waƙa har ƙarshe, ka ajiye wuri biyu. Ina da ayyuka na shekarun baya da ba sa buɗuwa yanzu saboda fulogin ɗinsu na 32-bit ne sabuwar manhaja ba ta karɓarsu, ga kuma kwali guda na kaset ɗin ADAT a ƙarƙashin tebur ba ni da na'urar kunna su. Amma kaset ɗin mawaƙiyar nan mai layi huɗu, bara na samu tsohuwar Portastudio a hannun wani, na goge kanta da auduga da sifirit na saka, ya tashi. Baitin da muka ɗauka karo na tara ne a ciki.