Amsa: Hannu na tsagewa bayan gyaran kifi

Yaya, tambayarki kan tsagewar hannu da ƙaiƙayi bayan gyaran kifi ta tuna min da innata a bakin kogin Haɗeja. Yauƙin tarwaɗa da daɗewa cikin ruwa su ke cin fata. Ki wanke da sabulu, ki goge har tsakanin yatsu, ki shafa man kaɗanya da daddare.

Ƙayar kurungu kuwa dafi gare ta, shi ya sa Inna ke fara datse ta kafin komai. In ta soke ki, tsoma hannun a ruwan zafi daidai jurewarki kamar minti 30, ki zare guntun. Toka da baƙin mai, don Allah a'a. In wurin ya kumbura ko zazzaɓi ya biyo baya, ki tafi asibiti, ki tambayi allurar tetanas.