Ga mai tambaya kan kwikwiyonsa da ke tari, ido na kwantsa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ɗan'uwa mai tambaya, na karanta abin da ka rubuto: kwikwiyonka ɗan wata huɗu yana tari kamar ƙashi ya maƙale masa, ido duk kwantsa, ya rage cin abinci, ga manyan karnuka biyu a gidan, kuma an ce maka ƙurar hunturu ce, ka ba shi farasitamol. Wallahi gabana ya faɗi, don da haka nawa ya soma. Na ga wasu sun ce maka mura ce za ta wuce. Allah ya sa haka ne, amma ni bakina ba zai iya faɗa maka haka ba.

Kafin komai, kada ka sa hannu a bakinsa neman ƙashi, kada ka bar yara su sa. Haukar kare ba kullum take zuwa da cizo da gudu ba, akwai irin da ke kashe maƙogwaro da haɓa, kare ya riƙa kakari yana dalala, mai shi ya ɗauka ƙashi ne. Ba ina cewa ita ce ba, ina dai tsoratar da kai.

Sannan ka raba shi da sauran yau ɗin nan, ba gobe ba. Kwanonsa daban, ruwansa daban, buhun da yake kwanciya daban. Ta numfashi da majina da yawu abin ke bi, kwano ɗaya ya isa ya gama da gida. In ka taɓa shi ka wanke hannu da sabulu kafin ka je wurin sauran, kwanukan kuma ka jiƙa su a ruwan jabel, wato ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ka shanya a rana.

Tarin karnuka mai yaɗuwa iri-iri ne. Akwai mai sauƙi, wanda ƙwayar Bordetella da wasu ƙwayoyin birus ke haddasawa: tari busasshe mai ƙara, a ƙarshe ya yi kakari ya fitar da farin kumfa, amma yana ci, yana wasa, yana haushi. Wannan yakan bayyana kwana 3 zuwa 10 bayan ya haɗu da mai ciwon, kuma cikin mako 2 ko 3 ya wuce. In da babban kare ka ce mini yana haka, da ban tada maka hankali ba. Abin da ya hana ni zama shi ne shekarunsa, da kwantsar, da ƙin cin. Waɗannan uku in sun haɗu, likitocin bisashe cutar Carré suke fara zargi, wadda wani likitan dabbobi Bafaranshe, Henri Carré, ya gano a 1905 cewa birus ne ke kawo ta. Ba ta kama mutum, ta nan ka kwantar da hankalin iyali. Amma kwikwiyon da bai da rigakafi, tana kashe shi.

Ita ta cinye mini Duna. Karya ce irin dogayen nan na Azawak, daga wajen Abalak aka kawo mini ita tana ƙarama, na sa rai za ta tsare mini garka. Kuma ba wai ban nemi rigakafi ba. Akwai wani mutum da ke yawo a kan moto unguwa-unguwa a nan Tawa, da jaka a rataye, yana cewa shi ma'aikacin kiwo ne. Ya zo har ƙofar gida da tsakar rana, ya fiddo ƴar kwalba daga aljihun gaban riga, ya tsira mata, ya karɓi kuɗina cif, ya ce shi ke nan ta tsira daga kowace cuta har shekara. Babu karne, wato katin rigakafi, babu takardar da ake ɓallowa daga jikin kwalba a manna, bai ce in dawo da ita allura ta biyu ba. Daga baya likita na gaske ya bayyana mini cewa maganin rigakafin nan sai an ajiye shi cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, in ya sha zafi ya mutu. To ka duba zafin Tawa, ka duba aljihun riga. Ruwa ya tsira mata ya tafi da kuɗina.

Da ta fara tari na kira shi, ya ce ƙura ce. Da kwantsar ta koma ruwan ɗorawa har tana manne mata ido, hanci ya bushe ya tsattsage, ya ce in ƙaro kuɗi ya yi mata wata allurar. Sai zawo da amai. Sai kuma ta ɗan farfaɗo, ta ci abinci, ta fito tana kaɗa wutsiya, yara suna murna, ni ma na ce Alhamdulillahi an wuce wurin. Ashe cutar ta haura ƙwaƙwalwa ne. Wata rana da dare na ji ƴata ƙarama tana kuka a tsakar gida. Na fito na tarar da Duna kwance, haɓarta na motsi kamar tana tauna abu, kumfa na zuba, ƙafar baya tana fizga ba ta tsayawa. In ta lafa sai ta ɗago kai tana nemana, ta gane muryata, ta so ta taso ƙafa ta ƙi. Tafin ƙafarta duk ya yi tauri. Haka muka kwana. Na kira mutumin nan, wayarsa na shiga ba ya ɗauka. Da na kai ta gidan likitan bisashe da safe, ya duba ta kawai ya girgiza kai. Har yau in na hangi mai moton nan a kasuwa ranar Lahadi da jakarsa, raina ɓaci yake, don na san akwai wani gidan da zai shiga. Ban yafe masa ba, ba don kuɗin ba, don ya san abin da ke cikin kwalbar kuma ya dubi idona ya yi mini rantsuwa.

Sai maƙwabta suka zo da tasu, wai mutum da girmansa yana jimami a kan kare. Ni na san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ka ɗaure a gidanka tana yi maka gadi, haƙƙinta na wuyanka.

Farasitamol ɗin da aka ce ka ba shi, kada ka ba shi. Yana lalata musu hanta da jini, ibuprofen kuma ciki da ƙoda yake ci. Kafsol ɗin masu tebur a kasuwa ma ka bar su. Cutar Carré ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye, abin da likita ke yi shi ne ya tallafi jikin: ƙarin ruwa, maganin amai, da antibiyotik don kada ciwon huhu ya hau kai. Waɗanda aka kai da wuri wasu suna tashi, shi ya sa nake ta matsa maka. In ka samu abin awon zafi, zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 ne zuwa 39, in ya haura 39 da rabi zazzaɓi ne.

A gida kuma, ka kwance masa sarƙa ko igiya daga wuya, tana danne maƙogwaro tarin ya ƙaru. Ka nisanta shi da hayaƙin murhu, ka yayyafa ruwa a inda yake don ƙura ta kwanta, da dare ka tare masa iskar sanyi. Ka riƙa goge masa ido da hanci da tsumma mai ruwan ɗumi, in hanci ya toshe ba ya jin ƙanshi, ba zai ci ba. Romo mai ɗumi marar yaji kuma marar albasa, kaɗan-kaɗan. Albasa guba ce ga kare, mu kuma nan ƙasar albasa ba tukunyar da ba ta shiga.

Manyan biyun fa, an taɓa yi musu allura? Ba ta hauka nake nufi ba. Da yawa a cikinmu mun ɗauka allurar hauka ta rufe komai, alhali ita hauka kaɗai take tarewa. Ta Carré daban ce, takan zo haɗe da ta ciwon hanta da ta zawon jini. Ana fara wa kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Marar lafiya ba a yi masa, amma ka tambayi likita game da manyan tun da sun riga sun cuɗanya. Ka ga an fiddo kwalbar daga firigo ko cikin ƙanƙara da idonka, a manna takardarta a karne, a sa ranar dawowa.

Ƴan'uwa mafarauta da ke cikinmu, don Allah karen da ke tari a bar shi gida, fita ɗaya yana iya raba wa karnukan gari guda. Ko ya warke daga Carré yakan yi makonni, har wata 2 ko 3, yana fitar da ƙwayar. Kai ma ɗan'uwa kada ka karɓi sabon kwikwiyo yanzu, ko kyauta aka ba ka.

Gobe da sassafe ka kai shi, ka naɗe shi a buhu ko zane, in ka isa ka tsaya nesa da sauran dabbobi ka ce wa likita tari yake. Ka rubuto mana abin da ya ce, kuma ka gaya mana ko zawo ya fara. Allah ya ba shi lafiya.