Amsa: Yadda gubar bakteriya ke kumbura furostet

Malam, ka tambayi dalilin da furostet, wato 'yar gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji kewaye da hanyar fitsari, ke kumbura sosai idan ƙwayar cuta ta shige ta. Galibi bakteriyar E. coli ce ke haurawa ta hanyar fitsari, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da guba mai suna hemolisin, wadda ke huda ƙwayoyin halittar wurin har su mutu. Akwai kuma gubar da ke jikin bawon bakteriyar, wadda ke tunzura garkuwar jiki, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin, furostet ta kumbura ta matse hanyar fitsari, zazzaɓi ya biyo baya. Magani ba ya ratsa furostet da sauƙi, shi ya sa idan cutar ta daɗe likitoci kan rubuta na mako 4 zuwa 6. Don Allah kada ka daina shan maganin saboda ka fara jin sauƙi.