Amsa ga 'yar'uwar da aka ce za a ɗebi ruwan mahaifarta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce gwajin jininki ya nuna AFP ya hau, likita ya kawo maganar ɗibar ruwan mahaifa, kina tambaya ko ki yarda. Na daɗe ina aikin ungozoma a ɓangaren awon ciki, kuma na ga mata da dama da wannan sakamakon ya hana su barci, daga baya suka haifi lafiyayyun yara.

AFP sinadari ne da hantar ɗan tayi ke yi. Yakan hau a jinin uwa idan ƙashin bayan jariri ko ƙoƙon kansa bai rufe ba, amma kuma yakan hau idan tagwaye ne, ko kuma lissafin watannin cikin bai yi daidai ba. Wannan na lissafi shi na fi gani. Don haka ki fara neman sikanin mai zurfi a wajen ƙwararre, tsakanin mako 18 zuwa 22. Yawanci nan ake gane komai, ba sai an kai ga allura ba.

In hoton bai fito sarai ba, to ɗibar ruwan na da amfani. Ana yin ta ne daga mako na 15, da siririyar allura ta fatar ciki, likita na kallon sikanin, a zuƙo kimanin mililita 20. Abin da ya fi AFP ƙarfin hujja a ruwan shi ne wani sinadarin jijiyoyi, asetilkolinestares. Idan laka a buɗe take, yana tsiyayowa cikin ruwan. Shi ke raba gardama, domin ko ɗan jinin jariri ne ya gauraya da ruwan sai AFP ya hau. Sai dai idan fata ta lulluɓe wurin, duka biyun ba sa nunawa.

Haɗarin ɓari akwai, amma bai kai ɗaya cikin 100 ba. Ciwon mara kaɗan bayan an gama ba komai ba ne; zazzaɓi, jini ko zubar ruwa kuwa, ki koma asibiti nan take. In rukunin jininki mai nagetif ne (Rh nagetif), ki tuna musu allurar anti-D, wadda ke hana jikinki yaƙar jinin jariri.

Masu shirin ɗaukar ciki kuma: bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko bayan ciki ya shiga, kafin mace ta ankara. Folik asid, bitamin da ke taimaka masa ya rufe, maikurogiram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga ake fara shi.

Allah ya sauke ki lafiya.