Kan maganar durƙusawa da ka tambaye ni

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokin aikinka ya gan ka ka rusuna kana gaida shugaban ofishinku, ya ce kana "kowtow", kana so ka san ko gaisuwarmu ta gado ita ce wannan abin.

Abin da yake nufi a ƙasar Sin ya samo asali. Mai shiga gaban sarkinsu yakan durƙusa sau uku, kowace durƙusawa ya kai goshi ƙasa sau uku. A 1793 Ingila ta aiki jakadanta Makatini wajen Sarki Ciyanlun, ya ƙi yin haka, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa kamar yadda yake yi wa nasa sarkin. Wanda aka aiko bayansa a 1816, Amhas, shi ma ya ƙi, ya koma gida ko fuskar sarki bai gani ba. A bakin Turawa yanzu kalmar "kowtow" zagi ce ga mai ƙasƙantar da kansa don neman gindin zama.

Mu ma mun taɓa yin irinsa. Da can talaka in ya je fada yakan zube, ya ɗebi ƙasa ya baɗa a kansa, shi ne ake kira afi. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya ga haka da idonsa a fadar Mali a 1352, Shehu Usmanu kuma ya lissafa shi cikin miyagun al'adun sarakunan zamaninsa. Ka kuma san da Mu'azu ɗan Jabal ya dawo daga Sham ya yi wa Annabi (SAW) sujada, hana shi ya yi. Goshi dai na Allah ne, wannan babu ja.

Amma ka shiga zaure ka cire takalmi, ka tsuguna ka gaida mahaifinka ko malaminka, me kake nema a wurinsu? Ba ƙarin girma, ba kwangila. Tsohuwar da ke sayar da daddawa a bakin layinku, in ta haife ka, irin wannan gaisuwar za ka yi mata, alhali ba ta da abin ba ka sai "Allah ya yi albarka".

Bafaden ofis kuwa na san shi, mun yi aiki da irinsa. Maigida bai gama magana ba ya ce "gaskiya ne, ranka ya daɗe". Ya ruga ya karɓi jaka, ya yi dariya tun ba a kai wurin dariyar ba. Ranar da aka sauya maigidan, a masallaci ma kau da kai yake yi. Abin da ya fi ci mini rai, irinsu ne ke kallo ana sa hannu a takardar zalunci su ce daidai ne.

Saboda haka kada abokin nan ya sa ka fara miƙa wa sa'an ubanka hannu daga tsaye. Ka rusuna ka gaida shugaban naku, ka tashi ka kama aikinka. Masinjan da ya girme ka shi ma ka gaishe shi haka, a gaban kowa. In kuma shugaban ya kawo lissafin da bai yi ba, ka same shi shi kaɗai, ka ce: "Ranka ya daɗe, a sake duba nan."

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan salla.